Yadda Ake Duba Hancin Bindigar Albarushi Kafin a Zaɓe Shi

Duk shekara idan azumi ya kai ashirin, zauren gidanmu a cikin birnin Zariya kan cika da samari, kowa da bindigarsa naɗe a tsumma. Wasu na gado ne, wasu tayi aka yi musu suna so su saya, wasu kuma ƙota ce mai kyau a hannunsu amma hancin ya mutu, suna neman wanda za a ɗora mata. Burinsu ɗaya: su shiga sahun 'yan bindiga ranar hawa a Ƙofar Fada. Abin da na lura shi ne, yaro ƙota yake fara nuna mini. Ga ƙusoshin farin ƙarfe, ga laya an ɗinke da jar fata. Ni kuwa sai daga baya nake kallon wannan. Ƙota itace ce, masassaƙi zai yi wata cikin kwana biyu. Hanci, wato bututun ƙarfen da albarushi ke tashi a ciki, shi ne bindigar, kuma shi kaɗai ne tsakanin wuta da fuskarka.

Dubawa da zaɓe zan koya maka, ban da ƙira. Kwance gindin hanci da ɗora shi a sabuwar ƙota aikin maƙeri ne mai izini.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa. Ƙaramar tocila mai farin haske, wadda za ta iya shiga baki ko aƙalla ta haska ciki sosai. Sanda siririya miƙaƙƙiya da ta fi hancin tsawo, ta itace ko ta tagulla. Ban da rodi, domin ƙarfe a kan ƙarfe yana karce ciki, kuma yana iya ba da tartsatsi. Tsumman atamfa da aka wanke ya yi laushi, yayyage kamar faɗin tafin hannu. Alli, zare mai ƙarfi, tef ɗin tela mai inci, butar ruwan zafi, sabulu, kananzir kaɗan, da man keken ɗinki. Idan kana da aboki makanike, ari ma'aunin kaurin nan nasu mai baki kamar filaya. In bai samu ba, akwai dabarar da zan faɗa a gaba. Sai tabarma a wuri mai haske, nesa da murhu, nesa da mai shan taba, kuma nesa da yara.

1. Fara da takarda

Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Na farko irin na soja ne, sai da lasisin shugaban ƙasa. Na biyu su ne irin bindigar farauta mai harsashi, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki kuma cikinsu sumul yake, wato bindigar toka da danginta, masu ƙanƙara (dutsen da ke ba da tartsatsi) da masu hula ('yar hular ƙarfe da ke kunna albarushi), kuma al'amarinsu yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ƙira da gyara ma dokar ta ce sai da izini. Saboda haka kafin ka taɓa hanci, tambayi mai shi daga ina ya fito, kuma ka sanar da shugaban ƙungiyarku ta 'yan bindiga. Wanda ya ce maka "kai dai ka biya, ban da yawan tambaya", tashi ka ba shi wuri. A halin da ƙasar nan take ciki, hancin da ba a san asalinsa ba zai kai ka inda ba ka shirya zuwa ba.

2. Ɗauka cewa a ɗure take

Ko da mai ita ya rantse da kabarin kakansa cewa babu kome a ciki, kai ka gwada. Juya bakin ya kalli bango na ƙasa ko sama, kada ya kalli ƙofa. Cire hula ko ƙanƙara idan akwai. Zura sandarka a hankali har ta tsaya, hannunka a gefe, fuskarka ba ta saitin baki. Yi wa sandar alama da alli daidai bakin. Zaro ta, ka shimfiɗa ta a jikin hancin daga waje, alamar allin tana daidai da baki. Ƙarshen sandar ya kamata ya isa kusa da 'yar ƙofar wuta da ke gindi, wato hudar da wuta ke bi ta kama albarushi. Idan ya gaza da fiye da faɗin yatsa, akwai wani abu a ciki.

Abin nan yana iya zama tsohon ɗuri, kuma albarushi ba ya tsufa. Wanda ya shekara ɗari a bushe yana tashi kamar na jiya. Yana kuma iya zama gidan zanzaro. Wannan na sha gani. Bindigar da aka jingine a lungun ɗaki tun babbar Sallah, zanzaro ya shiga ya yi gininsa na laka a tsakiyar hanci, ya bushe ƙam kamar siminti. Wani yaro ya taɓa kawo mini irinta yana cewa, "Baba, ai in na buga sau ɗaya za ta fitar da shi." Na ce masa, "Ɗana, za ta fitar, amma ta gefe, tare da yatsunka." Ruwa muka zuba ya kwana, da safe laka ta fito da 'yan tsutsotsinta.

Ko mene ne a ciki, maganinsa ruwa. Cika hancin, bar shi a tsaye ya jiƙa, sannan maƙeri ya zaro da ƙugiya mai murɗi. Kada a harba don a share, kada kuma a kusanta shi da wuta don wai ya saki.

3. San irin hancin da ke hannunka

Haska tocila a baki. Idan ciki sumul yake kamar cikin gora, na bindigar toka ne, shi ne na hawa. Idan ka ga layuka suna murɗawa suna shiga ciki kamar igiya, wannan wani gida ne daban, kuma ya kamata ka san tarihinsa.

Kafin albarushi mara hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa a 1884, Turawa sun yi wajen shekara ashirin suna zuba baƙin albarushin nan namu a cikin kwanson tagulla, suna ɗurawa ta gindi. Ingila ta mayar da tsofaffin bindigoginta zuwa samfurin Snider a 1866, sannan ta ɗauki bindigar Martini-Henry a 1871. Amurka ta fito da harsashin .45-70 a 1873, Faransa kuma da bindigar Gras a 1874. Irin waɗannan sun shigo Afirka da yawa, shi ya sa yarjejeniyar Brussels, babban birnin Beljiyam, ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu layi a ciki, ta bar mana masu ƙanƙara marasa layi. Har yau a tsofaffin gidajen sarauta akan ci karo da hancin irin waɗannan, wani lokaci ma an ɗora shi a ƙotar gida.

Amfanin layukan shi ne su juya dalma tana fita, ta tafi a miƙe. Ana auna su da nisan da dalma ke yi kafin ta zaga sau ɗaya. Martini-Henry layi bakwai gare ta, zagaye ɗaya a inci 22. Tsohuwar .45-70 ta sojan Amurka ma inci 22 ce, da layi uku. Masu gasar harbin nesa da irin waɗannan bindigogi a Amurka yanzu sun fi son zagaye ɗaya a inci 18, domin dalmarsu ta fi tsawo da nauyi, ita kuwa doguwar dalma tana son juyi mai sauri, in ba haka ba sai ta riƙa tuntsurawa a iska. Idan kana son ka auna, naɗa tsumma a sanda ya shiga da matsi, yi alama a samanta, ka tura a hankali kana barin ta tana juyawa da kanta. Inda alamar ta dawo sama, auna tsawon da ya shige.

Sani ne mai daɗi, amma ga kai mai neman na hawa, hukuncin gajere ne: hanci mai layi ba ya cikin gida na uku na doka, ba naka ba ne. Kayan tarihi ne. Kada a yanke shi, kada a goge layinsa, a sanar da hukuma ta hannun shugabanninku.

4. Raba shi da ƙota, ka wanke

Yawanci 'yan zobba ne ko ƙusoshi biyu zuwa uku ke riƙe da shi, sai dunƙulen ƙusa a wutsiya, wato ɗan ƙarfen da ya zarce daga gindi ya kwanta a kan ƙota. Ɗiga kananzir a kansu ka jira, kada ka tilasta. Idan mai sayarwa ya ƙi a cire ƙota, cinikin ya ƙare a nan, domin mugun abu ƙarƙashin itace yake ɓuya, inda gumi da ruwan damina ke kwanciya.

Tsoma gindin cikin bokitin ruwan zafi da sabulu, ka riƙa tura sanda mai tsumma kana jawowa, ruwa na shiga yana fita ta ƙofar wuta. Zai fara fitowa baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ci gaba har ya yi fari. Ɗauraye da ruwa mai zafi sosai don ƙarfen ya busar da kansa, ka bi da busasshen tsumma. Kada ka sa mai tukuna, mai yana rufe aibi.

5. Karanta tambarin da ke gindi

Hancin da aka ƙera a Turai akan gwada shi a gidan gwaji na hukuma, a buga masa tambari. Shafa alli a wajen gindi ka share da yatsa, rubutun zai fito fari. Na Birmingham, wanda aka kafa gidan gwajinsa a 1813, tsohon tambarinsa kambi ne a kan sanduna biyu gicciye. Na Liège ta Beljiyam haruffa uku ne, E, L da G, a cikin da'ira mai siffar ƙwai, da ɗan tauraro a ƙasa.

Tambari yana gaya maka cewa hancin ya ci jarrabawa ranar da aka buga shi. Bai ce kome ba game da shekara ɗari da ya yi a ɗakin da ke yoyo. Kuma gwajin na baƙin albarushi ne kawai. A kul, kada wani ya fasa harsashin zamani ya zuba abin da ke ciki a irin wannan hanci, ko ya haɗa da kan ashana don ƙarin ƙara. Ƙarfen bai san wannan ƙarfi ba, tarwatsewa zai yi.

Rashin tambari ba ya nufin hanci ba shi da kyau, akwai ƙirar gida ta maƙeran da suka san aikinsu. Sai dai a nan dole ka san wanda ya ƙera, ka kuma tsananta sauran dubawar.

6. Bi jikinsa da ido da yatsa

A nan nake daɗewa, kuma a nan yara ke gajiya.

Fara neman ɗinki. Juya hancin a hankali a cikin rana, kana neman siririn layi miƙaƙƙe daga baki zuwa gindi, a waje ko a ciki. Idan ka gan shi, bututun famfo ne ko ƙarfen gado aka yi wa kwalliya. Falle aka naɗe aka liƙe bakinsa, an yi shi don ruwa, kuma a kan wannan layi yake tsagewa. Na ga wanda aka goge shi tas aka shafa masa baƙin fenti, yana sheƙi, kyan ɗan maciji. Da na kankare fentin da farce sai ga ɗinkin, har da ragowar zaren murɗi na famfo a gindi. Irin wannan ba a cinikinsa ko da kyauta ne.

Akwai kuma tsofaffin hanci na Turai da za ka ga zane a jikinsu yana zagayawa kamar rawani. Ƙarfe ne aka naɗe a kan sanda aka haɗe shi da guduma. Kyakkyawan aiki ne a zamaninsa, amma tsatsa tana bin mahaɗin ta ciki inda ido ba ya gani. A rataye shi a zaure don ado.

Sai walda. Duk inda ka ga tudu, ko launin ƙarfe ya sauya, ko an cike rami da jan ƙarfe, an taɓa yin gyara a wurin. Hanci ba tukunya ba ne da za a liƙe a ci gaba da girki.

Sannan rufe idonka, ka kama hancin tsakanin babban yatsa da manuni, ka ja daga gindi zuwa baki. Yatsa ya fi ido gane kumburi. Idan ka ji ɗan tudu ya zagaye kamar zobe, wurin ya taɓa buɗewa, ko don an harba da toshiya a ciki, ko don ba a danna ɗuri ya zauna a kan albarushi ba aka bar iska a tsakani. Ƙarfen da ya kumbura ya riga ya ba da abin da yake da shi.

Tsatsa iri biyu ce. Ja-ja ta sama wadda tsumma da kananzir ke ɗaukewa ba kome ba ce. Wadda ta ci rami kamar zanzana ita ce abin tsoro, musamman a taƙi ɗaya na farko daga gindi, inda wuta ta fi ƙarfi. Ramin da kan allura ke shiga ya tsaya a wannan yanki, ni a wurina ya kashe hancin.

7. Leƙa ciki

Tunda ka tabbatar babu ɗuri kuma ka wanke, yanzu kana iya leƙawa. Gindin a toshe yake, don haka haske ba zai ratsa ba. Dabara ita ce ka dunƙule 'yar takardar azurfa ta kwalin shayi, ka sake ta ta gangara gindi, ka haska tocila. Za ta mayar da haske ta haska bangon. Ka tabbata ka zazzage ta bayan ka gama.

Ciki mai lafiya yana ɗaukar haske bai ɗaya. Baƙin zobe alamar kumburi ne. Duhu-duhu kamar fatar kada tsatsa ce. Daga nan naɗa sabon farin tsumma ya shiga da ɗan matsi, ka tura sannu a hankali. Hannunka zai ba ka labari: inda ya yi sako-sako farat ɗaya, ciki ya buɗe, inda ya cije, akwai lotsawa ko datti. Zaro ka duba. Idan tsumman ya fito a yage ko da zare-zare, akwai kaifin rami a ciki.

8. Saurari muryarsa, duba miƙewarsa

Rataye hancin da zare ta wutsiya, kada ya taɓa kome, ka ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa. Lafiyayye yana amsawa da doguwar ƙara kamar ƙararrawa. Mai tsaga yana cewa "ƙwas" ya yi shiru, kamar fasasshiyar ƙwarya. Wannan gwaji yana kama mai laifi, amma ba ya wanke kowa. Wanda ya yi ƙara mai daɗi ma sai ya ci sauran matakan.

Miƙewa kuwa, ja zare daga baki zuwa gindi a ɓangarori huɗu ka kwatanta ratar. 'Yar karkata ba ta hana bugun hawa, tunda ba saiti ake yi ba, amma ka tambayi kanka abin da ya lanƙwasa shi. Sau da yawa doki ne ya taka, ko an yi amfani da shi wajen ɓalle ƙofa.

9. Kauri, tsawo da nauyi

Auna kaurin bango a baki, wuri huɗu. Ya kamata su zo ɗaya. Idan babu ma'auni, shafa tawada a bakin ka danna a kan farar takarda. Zoben da zai fito zai nuna maka ko wani gefe ya fi wani siranta. Baki mai kaifi kamar wuƙa ya cinye. Gindi kuma dole ya fi baki kauri a fili, ba sai an auna ba. Hancin da kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa, koma mataki na shida ka sake neman ɗinki.

Doka ta hana a gajarta hanci mara layi ya gaza inci 20. Ko ba doka ma, gajere yana kawo wuta da ƙara kusa da fuska da kunnen na kusa da kai. Dogo sosai kuma yana gajiyar da hannu. Wanda ya taɓa bin hawa a ƙasa tun daga filin Idi har fada, cikin rana da ƙura da turereniyar dawaki, ya san bambancin. Ɗauki hancin ka riƙe shi sama da hannu ɗaya, yadda za ka riƙe ranar. Idan hannunka ya fara rawa kafin ka ƙirga talatin, nemi wani. Amma tsakanin mai nauyi da mai siririn bango, ɗauki mai nauyi ka sha wahalarka.

10. Gindi da ƙofar wuta

Toshiyar gindi ita ke kallon idonka kai tsaye. A hanci na kirki murɗa ta ake yi ta zauna daram. Idan ka ga walda ce ta riƙe ta, ko ƙusa aka soka, ko tana motsi, ajiye. Ga gwaji mai sauƙi: toshe ƙofar wuta da tsinke, tsayar da hancin, zuba kananzir kamar rabin kofin shayi, ka bar shi a kan farar takarda na awa guda. Duk inda danshi ya fito, wuta ma za ta fito ta nan. Ƙofar wutar kanta idan ta buɗe har tsinken ashana na shiga yana yawo, ta ƙone, za ta riƙa feso wuta baya.

Kwance toshiyar don a ga zarenta aikin maƙeri mai izini ne, kuma ya cancanci kuɗinsa. Haka nan bugun gwaji na farko. Kada ka yarda da masu cewa a ninka ɗuri a riƙe da hannu "a ga ƙarfinta". Ina yaro na ga an yi haka a bayan ganuwa, kuma mutumin da hannun hagu ya ƙarasa cin tuwonsa a duniya.

11. Yanke hukunci, sannan ka kula da wanda ka zaɓa

Ɗinki, walda, kumburi, tsaga, rami a gindi, toshiya mai yoyo: ɗaya daga cikinsu ya isa. Ba a haɗa maki a ce ai ya ci bakwai cikin goma. Idan hawa ya matso ba ka samu na kirki ba, ari ta wani dattijo a ƙungiya wadda aka riga aka duba, ko ka bi sahu bana ba bugu. Na gadon da ya faɗi kuma ba a yar da shi. A toshe ƙofar wutarsa, a rataye, jikoki su gani.

Wanda ya tsallake, abokin gabarsa na farko shi ne dattin albarushi. Fiye da rabin abin da ka ɗura ba ya zama hayaƙi, toka yake zama mai gishiri, tana jan danshi daga iska. Da hunturu tana iya ɗaga maka ƙafa kwana ɗaya ko biyu. Idan Sallah ta faɗo cikin damina, kafin gari ya waye ciki ya yi ja. Don haka ranar da aka buga, ranar ake wankewa, ko ka dawo daga Hawan Daushe ƙafafunka na zogi. Ruwan zafi, tsumma, bushewa, sannan mai. Man keke yana yi don ajiya, amma ka share shi tas kafin ɗuri na gaba, domin idan ya haɗu da tokar albarushi yana zama kamar kwalta. Kawuna kakin zuma yake narkawa da kitse marar gishiri, shi nake bi har yau.

Ajiye ta baki ƙasa na kwana biyu don ragowar mai ya tsiyaye, ba a ɗure ba, albarushi kuma a wani ɗaki daban da makulli. Sai ka cusa ɗan tsumma a bakin saboda zanzaro, ka ɗaura masa jan zare mai tsawo yana reto a waje, yadda duk wanda ya ɗauka zai gani ya cire.